Bangon Da Ya Ƙi Yaɓe

Sallama gare ku, masu karatu. Wanda ya zo neman labarin da ake gamawa da guɗa gara ya juya tun yanzu, don ni dai ban hango ta ba. Sunana Ashatu, 'yar Mani magini, haifaffiyar birnin Sakkwato. A shekarar da gari ya rikice da shirin karɓar mulkin kai, kowa na maganar tuta da sabuwar atamfa, ni abin da ya hana ni cin tuwo bango ne. E, bango. Wata na kuka da uwar miji, wata da talauci, ni kuwa kankare ne ya tsaya tsakanina da aure.

Bari in faɗa muku ƙa'idar gidanmu, don in ba ku san ta ba za ku ce dukkanmu mahaukata ne. Mu magina ne tun kaka da kakanni. Yaron da ya koyi gini a hannun Baba ba ya aure sai ya tayar da gini nasa na kansa, tun daga tushe har yaɓe. In ya gama, Baba zai sa farar rigarsa ya je ya zagaya, ya naɗe hannun riga, ya ɗora tafinsa a bango ya shafa daga sama zuwa ƙasa. In ya shafa, yaro ya zama magini, sai a kai goro. In kuwa ya mayar da hannun cikin riga, to a sake lale. Na ga ƙato da gemunsa yana sharɓar kuka saboda hannun nan.

Sahabi tun yana ƙarami aka kawo shi gidanmu daga Wamakko don ya koyi sana'a. A gabana ya taka ƙasa, ya jefa tubali sama, ya ɗauki azara har kafaɗarsa ta yi kanta. Baba ba ya yabon kowa, amma na taɓa jin ya ce da Goggo Rabi, ƙanwarsa da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, wai bai taɓa ganin hannun yaɓe irin na yaron nan ba. Kada ku tambaye ni ranar da na fara son sa. Ni dai na san in na kai musu kunu wurin aiki, ludayinsa ya fi na kowa cika, kuma duk unguwa an san ni tasa ce.

Ana nan sai wani kamfani ya sauka da motoci da rodi da buhunan siminti, wai za a gina ofisoshin gwamnati da sabuwar kotu a babban filin da ke bayan gari. Sahabi ya je kallo. Kallon da bai dawo ba ke nan. Suka sa shi cikin kafintoci masu haɗa manyan akwatunan katako da ake zuba kankare a ciki, in ya daskare a ɓalle katakon, bango ya fito. Baba bai yi faɗa ba, ni kuwa da ma faɗan ya yi. Ya dai daina kiran sunansa, sai "yaron nan".

Ranar da kawun Sahabi, Malam Siddiƙu, ya zo nema masa aurena, ina bayan ƙofar zaure da tsintsiya, ina share wurin da ba shi da ko tsinke. Na ji Baba ya yi gyaran murya.

"Siddiƙu, kun san ƙa'idar gidanga. Shi yaz zaɓi gininai, ba ni naz zaɓa mai ba. To shi gama shi. Ranad da anka yi ma gininga yaɓe, ni Mani in taho da ƙahwata in shahwa, wallahi rannan ɗiyata tashi ta."

Masu karatu, rawa na taka a tsakar gida har ɗankwalina ya faɗi. Wane gini ne ba a yi wa yaɓe? Ko ɗakin awakinmu yana da shi. Baba da ya yi rantsuwar, da Malam Siddiƙu da ya amsa da godiya, da shi kansa Sahabin, babu wanda ya kawo wani abu a ransa. Mu a wurinmu bangon da ba yaɓe mutum ne ba riga.

Sai jira. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Tunda an hana Sahabi zaurenmu, saƙonmu a bakin Kaltume yake yawo, wata bazawara mai kai fura wurin leburori, mai baki kamar an jiƙa ta da man shanu. Kullum da la'asar za ta shigo ta dire ƙwarya, ta ce, "Angonki ya ce in gaya maki an zuba hawa na biyu."

In ce, "Ki ce mai ni ba hawa nika tambaya ba. Yaushe za a yi yaɓe?"

Kashegari ta dawo: "Ya ce ki yi haƙuri, ya ce kuma wai kin rame, in ƙara maki nono."

"Ina yag gane ni da zai san na rame?"

"Ni nag gaya mai mana."

Sa'o'ina duk suka yi aure, wasu har da goyo. Goggo ta gaji da goge tasoshin da ta tara mini tana mayarwa ƙarƙashin gado. Ga kuma wani Lawwali, dillalin shanu, da ya gano hanyar gidanmu, kowace Juma'a sai cinya ko hanta ta shigo. Ni ban taɓa sa naman a bakina ba. Goggo ce ke ci, tana suɗe yatsu tana cewa bawan Allah ne.

Wata Alhamis Kaltume ta shigo ba wasa ba dariya. Ta ce, "An kwance katakai duka. Ya ce ki taho ki gani ran Lahadi, Turawa ba su zuwa." Na tambaye ta ko an fara tara ƙasar yaɓe, sai ta hau gyaran faifai kamar ba ta ji ba.

Ran Lahadi na tashi da wuri na rangaɗa kwalli. Na ɗaura sabuwar atamfata mai kore da fari da aka buga don bikin mulkin kai, wadda Goggo ta ce kada in taɓa sai ranar, na sa awarwaron mahaifiyata, lallena kuwa ya kama ja wur. Na lulluɓa da mayafi, na ɗauki ƙwarya ɗaya ta Kaltume a kai don a ce tare muke talla.

Tun daga nesa na hango ginin. Ban taɓa ganin abu mai girma da muni haka ba. Dogon ginin ofisoshi hawa uku, toka-toka, a tsaye bisa wasu ƙattin ƙafafu, ƙarƙashinsa fili fayau kana hango wancan gefe. Tagoginsa sun shige can ciki tsakanin wasu ginshiƙai jere kamar haƙarƙarin saniya. Gefe guda ga kotun ita kaɗai, dunƙulalliya, ko taga babu a fuskarta, wata doguwar rumfar kankare ta haɗa ta da ofisoshin. Ba zanko a sama, ba zane a ƙofa, ba farar ƙasa, ba komai.

Sahabi ya fito daga inuwa da gajeren wando irin na 'yan kamfani da fensir a bayan kunne. Ya rame shi ma. Ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba ya ce, "Ashatu, taɓa nan."

Na taɓa. Bangon kaushi gare shi, da layi-layi, har da jijiyar itace da gurbin ƙusa.

"Kin ji? Sawun katako na. Wanga ni nab buga shi da hannuna. Duk wanda yat taɓa bangonga ko bayan mun mutu, aikina zai taɓa."

Ya ja mu ƙarƙashin ginin yana ta zuba. Wai an ɗaga shi bisa ƙafafu ne don talakan da ya zo jiran shari'a ya sami inuwa da iska, ba sai ya tsuguna a rana ba. Haƙarƙarin nan kuwa su ke tare rana, ba ta taɓa shiga ofis, amma haske na shiga. Ya leƙa da mu cikin kotun, sai ga haske yana saukowa daga wata kafa a rufi, daidai wurin da mai ƙara da wanda ake ƙara za su tsaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, wurin ya fi zauren Baba sanyi, kuma yana da kwarjinin da ya sa na rage murya ba tare da an ce in rage ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

Na ce, "Na gani. To yaushe za a yi yaɓen?"

Ya cire fensirin daga kunne, ya mayar. Kaltume ta juya tana kallon sama.

"Ba a yi, Ashatu. An gama."

"An gama mi?"

"Ginin. Hakanga anka zana shi tun hwarko, mu na ba mu sani ba. Baturen gini ya ce kotu ba ta ɓoye komi, abin da anka yi ta da shi kowa shi gani. Ya ce yaɓe kwalliya ta, kotu ko ba ta son kwalliya."

Ni da na ɓata safiyata gaban madubi. Na dubi lallen hannuna, na dubi bangon, na ce, "Haka za a bar shi tsirara, alƙali shi shiga ciki da rawaninai?"

"Haka."

Abin da ya fi ƙona mini rai ba maganar ba ce, idonsa ne. Yana gaya mini aurenmu ya rushe, amma in ya ɗaga kai ya dubi ginin sai idon ya yi haske. Yana so na, ban taɓa shakka ba. Amma yana son dutsen nan ma. Ya ƙara da cewa da an buɗe ginin kamfani zai wuce Kaduna, kuma sun ce ya bi su. In ya zauna, babu maginin da zai ba shi aiki a Sakkwato, duk sun bi bayan Baba.

Da kuka na isa gida. Goggo, duk da naman Lawwali da ke cikinta, ta ɗauki mayafi ta sami Baba a zaure bayan azahar, ni kuma na koma wurin tsintsiyata.

"Yaya, rantsuwa ai tana da kahwara. Ka ciyar da miskinai, a wuce wurin. Ko kuma yaron shi gina ɗan ɗaki na ƙasa, shi yaɓe, ka shahwa."

"Ba ɗaki nac ce ba, Rabi. Gininai nac ce. Wanda yab bar ni saboda shi."

"To ai ba laihinai ba na, Bature na yah hana."

Baba ya amsa, amma muryarsa ba ta faɗa ba ce. "Kin san mi yas sa gidanga bai taɓa kwana da yunwa ba? Duk bangon da munka gina, in damina ta wuce sai shi kira mu. Mu koma, mu yaɓe, mu gaisa da masu gida, mu ga ɗiyan da anka haihwa. Wancan ba shi kiran kowa. An zuba dutse cikin akwati an ce gini na. Gobe attajirai su ce irinai suka so, jibi kowa. Ni in tahi in shahwa abin da za shi binne ni?"

Goggo ta fito tana share ido. Amma kafin magariba ta zaunar da ni ta ce, "Ɗiyata, ki dibi Lawwali. Ba shi da aibu. Shekarunki sun ja, kuma kin san ubanki, dutse ma ya hi shi taushi."

Na ce, "Goggo, in kina son shi ki aure shi, ai ke kika cin naman." Ta ɗaga muciya, na shige ɗaki.

Zuciya ce ta ɗebe ni, kuma har yanzu ban san ko da na haƙura da ya fi ba. Da safe Baba ya fita, na shiga ɗakin kayan aikinsa. Akwai tukunyar da yake ajiye garin makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake haɗawa da ƙasa don yaɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Tasa daban ce da ta kowa, akwai abin da yake ƙarawa da ko yaransa ba su sani ba, ƙamshinta ma daban. Na cika ƙwaryar Kaltume na rufe da faifai.

Ta ɗaga ta leƙa ta ce, "Ke Ashatu, wagga ai ba hura ta ba."

"Ki kai mai. Ki ce in har magini na shi, bango guda ya ishi Baba shi ɗora hannu. In ko fensir yaz zama, shi gaishe min da Kaduna."

Amsar da ta kawo gajera ce: "Ya ce to."

Lahadin da ta biyo, rana ta take, sai ga Kaltume da gudu, ba ƙwarya ba ɗankwali. Ashe Sahabi ya sa an kai masa jar ƙasa a kan jakuna, ya kwaɓa ta da makubar shi kaɗai, ya yaɓe bangon da ke gefen ƙofar kotun tun daga ƙasa har inda tsani ya kai shi. Maigadi ya dawo daga kasuwa ya same shi yana gyara baki-baki. Sahabi ko gudu bai yi ba. 'Yan doka suka tafi da shi da ƙasa har gwiwar hannu, Bature kuma ya ce kada a taɓa bangon sai hukuma ta gani.

A bakin zaure ta faɗi duk wannan, Baba na zaune yana ji. Na jira ya ce Allah shi ƙara. Sai ya ce, "Rabi, a wanke min hwarar rigata."

Ni da Goggo muka dubi juna. Farar rigar nan abu ɗaya ake sa ta dominsa. Ni na wanke ta da kaina, na buga ta da bugu har ta ɗauki ido.

Kashegari da hantsi ya fita da sandarsa, ni da Kaltume muka bi shi daga nesa. Wurin cike yake, leburori na ɗaura tutoci kore da fari a jikin rumfa, 'yan kallo sun yi da'ira. Ga bangon can. Wayyo masu karatu, da kun gani. A tsakiyar duk wannan toka, ga jan yaɓe sumul yana sheƙi, gefensa da ɗan zanen nan mai lanƙwasa da Baba kaɗai ke yi, wanda ya koya wa Sahabi. Kamar an ɗauko gidanmu an jingina da kotun.

Ɗan dokan da ke gadi ya san Baba, ya ba shi hanya. Baba ya tsaya ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tsuguna ya hango shi ta gefe. Na ga gemunsa yana motsi. Sannan ya miƙe, ya jingine sanda, ya fara naɗe hannun riga. Kaltume ta damƙe mini yatsu har na ji ƙara, ni kuwa duk addu'ar da na sani ta tsere, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai.

Baba ne ya fara ganin tsagar. Rana ta gasa bangon, ƙasar ta bushe ta ja jiki, kankare kuwa ba ya shan ruwa bare ya riƙe ta. Wata siririyar tsaga ta taho daga sama, ɓarɓashi ya fara zubowa. Baba, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko a ruwan sama, ya yi wuf ya kai hannu.

Bai riga ta ba. Yaɓen ya saki gaba ɗaya, ya zame ya tarwatse a ƙafafunsa, ja ya turnuƙe farar rigar. Tafin Baba ya sauka a kan tsirara kankare, daidai sawun katakon Sahabi.

Kaltume ta raɗa mini, "Ya taɓa! Wallahi ya taɓa!"

Ya taɓa, amma bai shafa ba. Hannun ya tsaya nan wuri ɗaya, na ga yatsunsa suna bin jijiyar katakon a hankali. Ina ta jira ya ja shi ƙasa, ko da kamu ɗaya ne. Sai ya ɗauke, ya mayar da shi cikin riga.

Ya ce, ba da kowa yake ba, "Hannun yaron ya yi. Bangon na bai amsa ba."

Na je na tsuguna a inuwar da aka yi don masu jiran shari'a. Ina jin ɗan dokan yana gaya wa Baba wai da an yanke ƙyallen buɗewa, shari'ar Sahabi ce ta farko da za a yi a ciki. A ƙarƙashin hasken nan da ya nuna mini da alfahari zai tsaya. Ya ce kuma an ce a nemo duk wanda ya taimaka masa da kayan aiki, don Bature ya rantse ba mutum ɗaya ba ne.

Baba ya duƙa ya ɗauki ɓallin yaɓe, ya murza shi a tafinsa, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa. Sannan ya juyo, idonsa ya ratsa taron nan duka, bai tsaya kan kowa ba sai kan mayafina.

"Ashatu," ya ce, "wagga makuba ta ɗakina ta. Wa yab ba shi?"

Na waiga in kama hannun Kaltume, na tarar ba ta wurin. Ɗan dokan kuwa ya riga ya fara takowa inda nake.